Tambaya da Amsa: In Rediyon Jirgin Sama Ya Mutu, Oba-oba Za Ta Yi Aiki?

Tambaya: Salam Malam, don Allah me ya sa ba a ba direbobin manyan jiragen sama oba-oba da ƙaramar GPS ta hannu, ko da wuta za ta ɗauke a sama? Ni dai na ga ba wani tsada gare su ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai masu tuƙa ƙananan jirage da yawa suna yawo da oba-oba a jaka, kuma tana ceto sosai. Amma babban jirgi lamarinsa daban, rediyon VHF biyu ko uku ne a cikinsa, ba duka ke shan wuta daga layi ɗaya ba, ga batir, ga kuma wata 'yar fanka da ke faɗowa daga jikin jirgin iska na juya ta tana ba da wuta ko ƙarfin sarrafa jirgin in injina sun tsaya. Ita ta taimaki Boeing 767 na Air Canada a 1983 da mai ya ƙare masa a sama, har ya sauka a Gimli, wani gari a Kanada.

Matsalar oba-oba ƙarfinta kaɗan ne, eriyarta guntuwa, kuma kana zaune cikin gwangwanin alminiyam, gilashin gaban ma akwai siririn ƙarfe a cikinsa na ɗumama shi, shi ya sa sigina ke wahalar fita da shiga. Ka ƙara da ƙugin iska, kana ihu a 121.5, mitar gaggawa kenan, wataƙila sai jirgin da ke kusa ne zai ji ka. In magana ta yanke gaba ɗaya direba yana danna lambar 7600 a na'urar da ke nuna jirgin a allon rada na ƙasa, nan take na ƙasa za su gane ya kurumce, hasumiya ta yi masa magana da fitila, kore da bai ƙiftawa yana nufin sauka.

GPS kuwa nan ne nake ganin mutane ba su gane ba. Yau babbar damuwar toshe sigina ce da aika na bogi, kamar yankin Baltik da Gabas ta Tsakiya, har Finnair, kamfanin jiragen saman Finland, ta dakatar da zuwa birnin Tartu na ƙasar Estoniya na ɗan lokaci a 2024. To in an toshe ta jirgi, ta hannunka ma ai daga tauraron ɗan adam ɗin take sha, tare za su makance. Abin dogaro a lokacin shi ne na'urar da ke lissafin motsin jirgin da kanta ba ruwanta da waje, sai tashoshin rediyo na ƙasa, sai tsohon kamfas ɗin maganaɗisu da har yanzu yana maƙale saman gilashi.