Tambaya da Amsa: Masu Kwando a Hannu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai cajin waya ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim. A wayar wani yaro na fara ganin bidiyon wasu Turawa da hular kwano, kowa ya ɗaura dogon kwando a hannu, suna jifan bango da ƙwallo. An rubuta "jai alai". Tun daga nan muka kamu, har mun san wani ɗan wasa Goiko. Yanzu musu ya sarƙe a rumfata. Ni na ce babu kamarsa. Abokina mai faci ya ce da wasan kirki ne da ba a ga kujerun 'yan kallo wayam ba, wai caca ce kawai aka sa wa riga. Ka raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gaishe ka da rumfa. Ka fara gyara wa majalisarku kiran sunan, "hai alai" ake cewa. Kalmar mutanen Bask ce, wata ƙabila da ke zaune a arewacin Sifen da kudu maso yammacin Faransa, ma'anarta bikin farin ciki.

Ni ranar da na fara ganin wasan nan, gonarmu ta Ɗambatta ce ta faɗo mini. Muna yara, in gero ya fitar da kai, akan tura mu korar tsuntsu da majajjawa. Wanda ya taɓa wulwula majajjawa ya riga ya san sirrin kwandon nan: tsawonsa da lanƙwasarsa su ke ƙara wa hannu ƙarfin da ba nasa ba. Sunansa "sesta". Da hannu ake saƙa shi, da wata ciyawa mai kama da kara a kan firam ɗin itace, kowane ɗan wasa da awon nasa. Ƙwallon kuwa ba ta kai lemon zaƙi ba, nauyinta kamar giram 130, cikinta roba mai tauri, bayanta fatar akuya. Fatar ba ta jure dukan bango fiye da 'yan mintoci, sai an sake ɗinka mata wata. A 1979 aka auna jifan José Ramón Areitio a garin Newport na Amurka, ya kai kilomita 302 a awa. Da mota ce, da ta bar Kano ta shiga Kaduna awa ɗaya ba ta cika ba. Hular kwanon da ka gani ba ado ba ce, sai da ƙwallo ta sami wani gwani mai suna Orbea a ka, a shekarun 1960, sannan aka wajabta ta.

Filin bango uku ne, gaba da baya da hagu, tsawonsa kamar mita 54. Dama a buɗe take, nan 'yan kallo suke bayan raga. Shi ya sa ko bahago ne kai, a dama za a ɗaura maka kwandon. A dambe dai bahago na ɗaure hagunsa ya ba mutane wahala, a nan ba shi da wannan gata. Doka kuma ita ce ka cafe ƙwallo a sama ko bayan ta taɓa ƙasa sau ɗaya, ka mayar da ita nan take. In ka riƙe ko ta yi rawa a kwando, ka faɗi.

To, batun Goiko. Ba ka yi zaɓen tumun dare ba. Iñaki Osa Goikoetxea ke nan, haifaffen garin Zumaia a 1980, ya ci kambun duniya ba sau ɗaya ba, ya kuma daɗe yana sarauta a birnin Mayami na Amurka. Amma "babu kamarsa" magana ce ta wanda ya zo kallo jiya. Tsofaffin masu kallo za su kawo maka Txikito de Bolibar, Amurkawa su ce ina ka bar Joey Cornblit. Irin musun da ake yi a gidan dambe ne in dattijo ya ambaci Shago, yaran yanzu su yi shiru don ba su gani ba. Sannan Goiko ɗan gaba ne. A wasan bibbiyu shi ke kashe ƙwallo a sha tafi, na baya kuwa shi ke kwasar masu nauyi daga nesa har na gaba ya sami ta kashewa. Ni dai idona kan na baya yake.

Mai faci fa? Rabin gaskiya na hannunsa. A Amurka, caca ce ta goya wasan nan. An buɗe gidan wasan Mayami a 1926, jihar Fulorida ta halatta caca a kansa a shekarun 1930, har tsarin wasan aka sauya don ya dace da masu zuba kuɗi: mutum takwas a layi, wanda ya ci ya tsaya, wanda ya faɗi ya koma ƙarshe, sai an sami mai maki bakwai. A wani dare na Disambar 1975 mutum 15,502 suka cika gidan. Sai 1988 ta zo da abu biyu: 'yan wasa suka shiga yajin aikin da ya kai 1991, jihar kuma ta fara tata cacar ta tikiti. Da aka dawo, masu zuwa don kuɗi sun sami wata rumfar. Kujerun da abokinka ya gani na wancan zamanin ne, lokacin da gidajen caca ke ci gaba da wasan don kawai doka ta ce sai da shi lasisinsu zai tsaya. An sassauta dokar a 2021. Tun 2018 ma gidan Magic City ya rage filin, ya sa bangon gilashi, ya ɗauko tsofaffin 'yan wasannin jami'a yana koya musu, ya karkata ga masu kallo ta waya irinku.

Inda mai faci ya kuskure shi ne zaton a Amurka aka haifi abin. A ƙasar Bask, ƙauye ba ya rasa bangon wasa a dandali, sau da yawa jikin coci, yara na dukan ƙwallo da tafin hannu kafin su kai ga kwando. Gidan wasan ɗan ƙaramin garin Markina har "jami'a" ake ce masa saboda yawan gwanayen da ya yaye. Can ma ana taɓa caca, ba zan wanke su ba, kuma hukuncinta a wurinmu ba sai na faɗa maka ba. Amma ba ita ke tara su ba.

Ka nemo masa bidiyon wasan ƙarshe na gasar hunturu ta garin Gernika na ƙasar Bask, ya ga gida cike, ya ji ihu. In ya gama, ku sa ido a kan na baya ku dawo mini da sabon musu. Yaran rumfa kuma da na san sun fara gwadawa da tsohon kwando da dutse, ka kora su bayan gari, nesa da solarka.