Tambaya da Amsa: Shin Jirgin da Aka Gama Gwaji da Shi Ake Sayar Mana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Musu ne ya kaure mana wurin mai shayi a nan Shara Mansur. Wani abokinmu direba ya dage cewa duk jiragen da ake ta shelar Saudia da Riyadh Air sun yi oda, waɗanda Turawa suka gama gwaji da su ne za a wanke, a shafa fenti, a kawo mana. Ni kuma na ce ba a sayar da jirgin gwaji sam, farfasa shi ake yi. Mun yarda kai za ka raba mu. Daga ɗanka, mai bibiyar wannan fili a Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi haƙuri, kai ne ka fara faɗuwa, domin ana sayarwa. Amma kada direban ya yi saurin murna, shi tasa faɗuwar ta fi taka nauyi.

Mu fara da odar. A watan Maris na 2023 Saudia ta yi odar Boeing 787 guda 39, Riyadh Air ma 39, da damar su ƙara 43 nan gaba in sun so. A Mayun 2024 rukunin Saudia ya sake yin odar ƙananan Airbus 105. To, duk jiragen gwajin 787 da aka ƙera a farko guda shida ne. Ka tambayi abokinka yadda za a raba shida ta zama 78.

Mu da muke harkar tikiti da kaya a Jidda mun saba jin mutane suna ɗaukar oda kamar shiga kantin mota ka nuna wadda kake so. Ba haka ba ne. Layi kake saya. Ka ba da kafin alƙalami, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan ana ƙerawa, kuɗin gaske sai ranar karɓa. Airbus kaɗai akwai jirage sama da 8,000 da ake bin sa, shi ya sa wanda ya yi oda bana zai iya shekara biyar ko fiye yana jira. Kamfanin jiragen Emirates na Dubai ya yi odar Boeing 777X guda 150 tun 2013, an ce za a fara ba shi a 2020, sai ga shi a Janairun shekarar ne ma jirgin ya fara tashi. Kuɗin da kake ji a labarai ma farashin takarda ne, babban mai saye ragi yake samu mai tsoka, kuma ba ya faɗa.

Na taɓa shiga jirgin gwaji sau ɗaya, a baje kolin jirage na Dubai a 2021, albarkacin wani abokin sana'a da ya samo mana izini. 777X ne. Daga waje tas-tas, kamar yau aka ciro shi daga leda. Ina sa ƙafa ciki na ga ba silin, ba wurin sa jaka, kujeru 'yan ƙalilan. Ganguna ne jere an haɗa su da bututu, cike da ruwa, su ne a madadin fasinjoji. Ana tura ruwan gaba ko baya jirgi na sama, don a ga yadda zai yi in nauyi ya karkata. Wayoyi masu ruwan lemo ta ko'ina kamar saƙar gizo, duk sun nufi teburan kwamfuta inda injiniyoyi suke zama. Na ce a raina, wanda zai mai da wannan ɗakin fasinja ya sha aiki.

Kuma wahala ta gaske masana'antu suke ba jirgin gwaji. Su kai shi Al Ain ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa cikin zafin bazara, su kai shi Iqaluit ta Kanada inda sanyi ke daskarar da mai, su kai shi tsaunukan Bolibiya inda iska ba ta da kauri. Su ja wutsiyarsa a kan titin tashi da gangan. Zakaran gwajin dafi ke nan. Abin da ka ji na farfasawa ma yana da tushe: akwai gangar jirgi da ake ƙerawa ba don ta tashi ba, a ɗaure ta a ƙasa a yi ta lanƙwasa fukafukanta. Na 777 an ja shi a 1995 har ya karye, bayan ya ɗauki fiye da ninki ɗaya da rabi na nauyin da ake tsammanin zai taɓa gamuwa da shi a sama. Wannan kam ba mai saye.

Waɗanda suka tashi kuwa, kowa da rabonsa. 747 na farko, wanda ya tashi a 1969, Boeing bai sayar ba, yana gidan tarihi a Seattle. Amma 777 na farko, na 1994, an sayar wa Cathay Pacific ta Hong Kong a 2000. Aka kwashe wayoyin, aka sauya masa inji daga Pratt & Whitney zuwa Rolls-Royce, ya yi jigilar mutane lafiya lau har 2018, sannan aka kai shi gidan tarihi a Arizona. Emirates ma ta karɓi Airbus A380 biyu daga cikin na gwaji bayan an gyara su. Ba a ɓoye wa mai saye komai, kowane jirgi da lambarsa ta masana'anta da littafin da ake rubuta duk awar da ya yi a sama da duk ƙusar da aka sauya. Da idonsa a buɗe yake saya, don sauƙin kuɗi ko don tsallake layi.

Abin da ke hana sayarwa shi ne gyara ya yi yawa. Tela in ya yanka sabon ɗinki karon farko, ya warware ya sake, ya warware ya sake, ƙarshe rigar ta gida ce. Haka ta faru da 787: uku na farko sun sha faci da sauye-sauye har suka yi nauyi, a 2009 Boeing ya ce ba su da kasuwa, ya lissafa dala biliyan 2.5 cikin kuɗin bincike. Ɗaya na Nagoya a Japan, biyu a gidajen tarihi a Amurka.

Na shida cikin jiragen gwajin 787 ne mai labari. Gwamnatin Meziko ta saye shi ya zama jirgin shugaban ƙasa. Da López Obrador ya hau mulki a 2018 ya ce shi ba zai hau wannan almubazzaranci ba. Aka nemi mai saye aka rasa, har ƙuri'ar caca aka shirya da sunan jirgin, sai 2023 Tajikistan ta ɗauka a kan kusan dala miliyan 92. Mu ma nan muna da namu: a 2007 Yarima Alwaleed bin Talal ya yi cinikin A380 don a mayar masa da shi fada mai tashi, kuma ɗaya daga cikin na gwaji aka ware masa. Fadar ba ta tashi ba. Jirgin yana gidan tarihi a Toulouse ta Faransa, yara 'yan makaranta suna shiga kallo.

Abu ɗaya zan ba direba. Kowane sabon jirgi, har wanda za ka hau zuwa Kano, sai matuƙan masana'anta sun tashi da shi, sannan na kamfanin da ya saya su ma su tashi su duba kafin a sa hannu a biya cikon kuɗi. In wannan yake nufi da gwaji, to ka bar masa. Ka gaishe min da shi, da mai shayin da ya jure hayaniyarku.