Amsar Kawu kan kuben fatar kada

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanenka ya karanta mini. Wai ka ji an ce kuben da aka yi da fatar kada ko ta mesa yana hana ƙarfe cin mai shi, shi ya sa magabata suke yi, kuma kana so a ɗinka maka ɗaya da fatar kada zalla ka rataya ranar salla. Na yi dariya, amma daga baya na tambayi uwarka ko akwai wanda kuke rigima da shi. In akwai, ka faɗa mata.

Zancen tauri ka kai wa 'yan tauri, mu dukawa ne. A wurinmu babu kuben kirki da ake yi da fatar kada zalla. Kube hawa uku ne. Can ciki ƙirgi ne, wato fatar saniya, falle biyu, a zana wuƙar a kai, a bar faɗin yatsa ɗaya a kewaye. Tsakanin fallayen, ta gefen kaifi, a sa wani siririn tsiri na ƙirgi mai faɗin kamar santimita ɗaya a ɗinke tare. Shi wuƙa za ta riƙa ci maimakon zare. Yaran yanzu shi suke tsallakewa don sauri, wata uku sai ka ga tsinin wuƙa ya leƙo ta gefe, ya yanki riga ko cinya. A kan ƙirgin ake naɗa jar fatar akuya, tamu ta Sakkwato, wadda majema suka jeme da bagaruwa aka rine da karan dafi. Ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Fatar kada ko mesa ko damo ita ce ta ƙarshe, kuma ɗan yanki ne kawai. Baba, kakanka, yakan ce baƙuwar fata ado take zuwa yi, aiki na 'yar gida ne.

Yadda ake sa ta: a yanke taga a jikin jar fatar, a yanko baƙuwar ta fi tagar da santimita ɗaya ta kowane gefe, a kankare bakinta ta baya da aska har ya yi laushi, a shafa ɗan kunun garin alkama mai kauri, a sa ta ƙarƙashi, a ɗinke kewaye. Ɗinki shida ko bakwai a inci ya isa. In ka matse shi fiye da haka, fatar mesa sai ta yage a kan layin basilla, don ba ta da kauri.

Kowace da halinta. Mesa, kanta ya dubi bakin kube, wutsiya ta dubi ƙasa, don riga ta riƙa shafar ɓawon yadda ya kwanta. In aka juya, da hunturu ya shigo sai ɓawon ya miƙe ya fara zuba. Damo da guza sun fi sauƙi, ƙwayarsu ƙanana ce kuma fatar na da ƙarfi, shi ya sa masu goge ke rufe ƙwaryarsu da ita. Kada shi ne mai wuyar sha'ani.

Tun kafin a datse Rima a Goronyo, ana saura 'yan kwanaki babbar salla, wani Basarke, ɗaya daga cikin Sarkawa masunta, ya zo rumfar Baba da fatar kada a naɗe cikin tabarma, tana ta ƙarni. Ya baje ta, mutanen layi suka taru, har masu ɗinkin takalma suka bar aikinsu. Ya dafa tsakiyar bayan, inda ƙusoshin nan suke, ya ce nan yake so. Baba bai yi musu ba. Ya miƙa masa basilla ya ce ya huda masa rami ɗaya a wurin, shi kuma zai ɗinka kyauta. Mutumin ya durƙusa, ya danna, ya murza, gumi ya keto masa, basilla ta lanƙwashe. Ya karɓi ta biyu, ita ma ta zame ta kusa shiga tafin hannunsa. Sai Baba ya kife fatar ya ƙwanƙwasa da bakin aska, kowa ya ji ƙarar ƙashi, don a bayan kada kowane ɓawo da ƙashi a cikinsa, ba ya naɗuwa, ba ya huduwa. Ya nuna masa haƙarƙari da ciki, inda ɓawon yake shimfiɗe, ya ce huda ma a cikin kwarin da ke tsakanin ɓawo da ɓawo ake yi. Sannan ya yanki bakin fatar ya nuna masa farin layi a tsakiya: jima ba ta ratsa ba, an shanya ta a rana ne kawai. Ya ce a mai da ta majema, kube sai bayan salla, ba a fafe gora ranar tafiya. Basarken ya tafi yana ƙunƙuni, ya bar basilla biyu a lanƙwashe.

Wannan farin layin ka riƙe shi. Fatar da ba ta jemu ba, da damina sai ta yi wari ta saki, da rani ta ƙandare ta tsage. Kuma kada a bar wuƙa cikin ɗanyen kube ya bushe a kanta: bagaruwa da ƙarfe in sun haɗu da laima baƙi suke yi, wuƙa ta yi tsatsa, fata ta yi tabon da ba ya fita. Itace ake sassaƙawa daidai wuƙar a cusa, a ajiye a inuwa kwana biyu. Mai kuwa ɗan kaɗan, man kaɗe a tsumma. In ya yi yawa zanen mesa dushewa yake yi.

Saura abin da ku ba ku tambaya. Tun 1985 akwai dokar tarayya da ta tsare namun dajin da ke neman ƙarewa, kada da mesa na ciki, kuma in ka fita da kayansu waje ba takarda, a filin jirgi za a karɓe. Yawancin abin da kuke gani a waya ana kira fatar kada ma fatar saniya ce aka danna wa zane da inji. Duba da kyau, za ka ga zanen yana maimaita kansa. Ku kuwa da kun ga hoto sai ku tura kuɗi, ba wanda ya taɓa da hannu, ba wanda ya shinshina.

In kana son kube, kawo wuƙar da kanta, kar ka aiko da hotonta, ba a auna kube da hoto. Ka biya ta majema ka zaɓo jar fata mara tabon ƙaya, ka ɗaga ta ga rana ka duba huji. Ka gaishe da uwarka.