Batirin shago jari ne: amsa ga mai cajin waya a Jos

Wani ɗan'uwa mai shagon cajin waya a wajen Titin Bauchi ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya gaji da kuɗin man janareta, ya tara kuɗi ya sayi faifan sola da inbata da batirin litiyam guda ɗaya. Yana kuma sayar da fawa banki, amma a cikin katan ɗin da ya saro kwanan baya guda huɗu sun kumbura. Yana so ya san yadda zai yi babban batirin ya daɗe, kuma ko ya dace ya riƙa saro batura na hannu tunda sun fi araha.

Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ka yi dabara da ka bar janareta. Amma ina so ka daina kallon batirin nan kamar teburi ko benci da ake saya a manta. Shi jari ne da ke raguwa kullum, ko ka lura ko ba ka lura ba.

Mu yi lissafi. A ce ka saye shi naira miliyan ɗaya da rabi. Idan irin wanda ake rubuta wa LiFePO4 ne, kuma mai kyau, yakan jure cika da sauka sau 3,000 ko fiye kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Raba kuɗin, in sau ɗaya yake cika ya sauka a rana, za ka ga kowace rana yana cin naira 500 daga jarinka. In ka wulaƙanta shi ya mutu a zagaye na 1,000, ka koma biyan 1,500 kullum ba tare da ka sani ba. Wannan 500 ɗin ka cire ta daga ciniki kowane dare kafin ka ce ka ci riba, ka zuba a asusu ko adashi. Na ga masu shago da dama da batiri ya mutu musu aljihu wayam, suka koma kan janareta da bashi a wuya, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Babban abokin gabar batirin litiyam zafi ne. Na san za ka ce ai Jos garin sanyi ne, muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a watan Disamba ma sai da rigar sanyi. Gaskiya ne, kuma wannan rahama ce da mutanen Sakkwato da Maiduguri ba su samu ba. To amma sanyin gari daban, cikin kwantena daban. Wata rana a watan Maris na shiga wani shago da misalin ƙarfe biyu na rana, na tarar an cusa batiri a ƙarƙashin kanta, an jingina shi da bangon ƙarfe, an rufe shi da kwali wai don ƙura. Da na ɗora tafin hannuna a kansa, ɗumi ne kamar bayan tukunyar da aka sauke ba da jimawa ba. Mai shagon bai ga laifin hakan ba, tunda fitila na ci, fanka na juyawa. Batirin litiyam ya fi son yanayi na wajen digiri 20 zuwa 25, kuma duk lokacin da ya daɗe sama da 35 tsufansa yana sauri. Ka ɗaga shi daga jikin bango, ka bar masa tazarar da iska za ta ratsa, kada ka ɗora komai a kansa. In rufin kwano ne babu silin, kuɗin silin ba asara ba ne.

Abu na biyu, kada ka tatse shi ƙarƙaf. Ka sa mai haɗa maka ya saita inbata ta yanke wuta idan caji ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari. Na san zafin da ake ji idan kwastoma na tsaye da waya a hannu ka ce masa wuta ta ƙare, amma naira ɗari biyu ta yau ba ta kai watannin da za ka yanke wa batirin ba. Sannan ka tabbatar an saita inbatar a kan tsarin litiyam. Yawancin masu haɗin sun saba da tsohon batiri mai ruwa, wanda ake ba shi caji mai ƙarfi lokaci-lokaci don a daidaita shi. Wannan cajin ga litiyam cuta ne. A cikin batirinka akwai wata 'yar na'ura da masu gyara ke kira BMS, ita ce mai gadinsa. Duk wanda ya ce zai tsallake ta don batiri ya ƙara ƙarfi, ka sallame shi.

Wayoyin mutane ma haka. Kada a jibge su ɗaya kan ɗaya a lulluɓe da tsumma, kuma wadda ta cika a cire ta. Cajar da kanta ya tsage ko wayarta ta ɓare a jefar.

Game da baturan hannu, shawarata a'a. Yawanci ƙananan batura ne da aka ciro daga tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka aka sake musu riga. Irin masu kama da ɗan yatsa da ake kira 18650, na gaskiya ba ya wuce mAh 3,500 da ɗan kaɗan (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka). Idan ka ga an rubuta 9,900 a jiki, ƙarya ce tun daga rubutu. Ka auna a hannunka, jabu ba shi da nauyi. Araha ba ta ado, kuma kai a unguwa kake sana'a, wanda ka sayar wa yau da shi za ku yi sahu ɗaya a masallaci gobe. Ka saro kaɗan daga dilan da zai ba ka rasit kuma ya yarda ya canza wanda ya lalace. Waɗanda ke ajiye a shago a bar su da caji kamar rabi, a duba su duk bayan wata uku, kada su zauna a cikin gilashin da rana ke duka.

Su kuma huɗun nan da suka kumbura, don Allah yau ɗin nan ka fitar da su. Kumburi iska ce ta taru a ciki saboda batirin ya lalace, kuma ba ya gyaruwa. Kada ka matsa, kada ka huda da allura, kada ka sake sa su a caji, balle ka karya farashi ka sayar wa wani. Ko kamfanin Samsung da girmansa sai da ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda batirinta na kamawa da wuta. Mu a Jos ba sai an ba mu labarin gobara ba, mun ga abin da ta yi wa babbar kasuwar Taminus a 2002, mun san iyalan da har yau ba su farfaɗo ba. Ka samu bokitin ƙarfe, ka zuba yashi, ka binne su a ciki a waje cikin inuwa, nesa da kwali da fetur, har ka mayar wa dilanka. Idan ɗaya daga cikinsu ya fara hayaƙi, kashe inbata, fitar da mutane, kada kowa ya shaƙi hayaƙin domin guba ne, kuma kada ka ɗauka wutar ta mutu don ta lafa, takan sake tashi bayan wani lokaci.

Ka aiko mini da abin da aka rubuta a jikin babban batirin da yawan wayoyin da kake caji a rana, sai mu lissafa nawa ya kamata ka riƙa karɓa a kan kowace waya.