Kwaleji ko Injin Yankan Ciyawa? Amsa ga Yarona

Ɗana, ka tambaye ni ko ka shiga kwalejin al'umma ka karanci aikin lambu da ƙawata muhalli, ko kuwa ka haɗa ɗan abin da ka tara ka sayi injin yankan ciyawa da tirela, ka kama gabanka kamar yadda abokanka suka yi. Ka ce kana tsoron ɓata shekara biyu a aji kan aikin da hannunka ya riga ya iya. Amsata ita ce ka shiga makarantar, amma kada ka ajiye shebur. Ga dalilaina, don ba na so ka bi maganata kawai saboda ni ne maigidanka.

Yankan ciyawa ba abin rainawa ba ne, da shi muke ci muke sha. Sai dai duk mai a-kori-kura da inji a nan Greensboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, zai iya shiga sana'ar gobe da safe, kuma in ka yanka wa mai gida farashi, wani zai zo ya rage masa. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne sanin dalili. Mai gida zai kira ka ya nuna maka bishiyar da aka dasa masa bara, ganyenta ya yi yaushi, ya ce me ya same ta. Wanda bai sani ba zai ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ya zuba taki, ya ƙarasa ta. Wanda ya sani zai durƙusa ya tone gindin da yatsunsa, yana neman inda kututturen ya fara faɗi ya rabu zuwa saiwoyi. Wannan wurin a sarari ya kamata ya kasance, ido na ganinsa. In ka same shi binne inci huɗu ko biyar a ƙasa, an kuma tula masa ɓawon itace har ya rungume jikin bishiyar, to ka gano ciwon. An zurfafa ramin, saiwa ba ta samun iska. Jar ƙasar nan ta yankinmu yumɓu ce, in ka haƙa rami mai santsin baki sai ya riƙe ruwa kamar randa, saiwoyin su ruɓe a ciki, ganye kuma ya yi yaushi irin na ƙishirwa alhali ruwa ne ya yi yawa. Shi ya sa kullum nake ce maka ramin dashe ya ninka faɗin dunƙulen saiwa sau biyu ko uku, amma zurfinsa kada ya wuce tsayin dunƙulen, ɓawon itace kuma inci biyu zuwa uku ya isa, a janye shi daga jikin kututture. Ni umarnin nake ba ka a tsaye, muna sauri mu tafi gida na gaba. Malami a kwaleji zai zaunar da kai ya nuna maka yadda saiwa ke numfashi, ta yadda ranar da ka haɗu da matsalar da ban taɓa nuna maka ba, za ka iya warware ta da kanka.

Haka maganar ƙasa. Yawancin ƙasar nan tsami gare ta, ciyawar fesku kuwa, wadda ake shukawa a filayen gidaje, tana son ma'aunin tsami (pH) ya kai 6 zuwa 6.5. In bai kai ba, wato tsamin ya yi yawa, ko buhu nawa na taki ka zuba, wani kaso na kuɗin mai gida ka zubar. Garin farar ƙasa ake fara sa wa, kuma ba da ka ake auna shi ba. Ana ɗibar ƙasa daga wurare daban-daban na filin, a gauraya, a zuba a ɗan kwali a aika ɗakin gwajin ma'aikatar gona ta jiha a Raleigh. Daga Afrilu zuwa wajen ƙarshen Nuwamba kyauta ne, lokacin sanyi ne kawai ake biyan dala 4. Takardar sakamakon cike take da lambobi, kuma masu yankan ciyawa da yawa ba su iya karanta ta ba. Mai iya karantawa shi mai gida yake riƙewa shekara da shekaru.

Makarantun ba su da nisa. Kwalejin Alamance da ke Graham tana koyar da wannan fanni, haka ma Forsyth Tech a Winston-Salem, kowacce tafiyar kamar rabin awa daga nan. Ta Sandhills a Pinehurst ta yi suna ƙwarai, ɗalibanta ne ke kula da lambunan makarantar da hannunsu, sai dai ta yi maka nisa da zuwa kullum. Akwai satifiket na 'yan watanni, akwai difloma, akwai kuma digirin shekara biyu. Mazaunin Karolina ta Arewa da ya cika wata 12 a jihar yana biyan dala 76 kan kowane kiredit, wato ma'aunin nauyin kwas, baƙo kuwa dala 268, don haka ka tabbata takardun zamanka sun nuna daidai. Digirin gaba ɗaya kiredit sittin da ɗoriya ne, wajen dala 5,000 ke nan ban da littattafai da ƙananan kuɗaɗe. Injin hawa mai kyau ya fi haka tsada. Tunda kana da katin zama na dindindin, ka cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, ta nan ake samun tallafin Pell wanda ba bashi ba ne.

Abin da zai fi ba ka wahala shi ne haddar sunayen tsirrai da Latin. Za a zagaya da ku a nuna reshe ba ganye a tsakiyar hunturu, a ce ka faɗi sunansa daga tohonsa da ɓawonsa. Ka daure, kai da ka yi hadda a makarantar allo wannan ba zai gagare ka ba. Amfaninsa yana zuwa ranar da ka je gidan rainon tsirrai sayen dashe, domin bishiya iri ɗaya tana da nau'in da ke tsayawa a ƙafa biyar da wanda ke kai ƙafa talatin. Dubi bishiyar furen nan crape myrtle da ake yi wa gundulmi kowace Fabrairu a unguwannin nan, a sare kanta a bar dungu. Raina yana ɓaci duk lokacin da na gani. Yawanci laifin na wanda ya dasa babban nau'i a ƙarƙashin taga ne, da ya san suna da ba a kai ga zarto ba. Za a kuma koya maka zanen fili a takarda da kwamfuta, da shimfiɗa bututun ban ruwa, da gane kwari da cututtuka, da lissafin kwangila. Wannan na ƙarshen ka buɗe kunne sosai, don na ga masu hannu da yawa sun durƙushe saboda sun manta sa kuɗin mai da inshora da gyaran inji a farashinsu.

Sai maganar doka, wadda abokanka ba sa so a tayar. Ba ka da izinin fesa maganin ciyawa ko na kwari a gidan wani don kuɗi sai da lasisin jiha, kuma jarrabawa ake zama. Babbar kwangilar ƙawata fili ita ma sai mai lasisin ɗan kwangila. Wanda ba shi da waɗannan takardu, komai ƙwazonsa, a ƙananan ayyuka zai tsaya.

Hanyoyin da ke gaba suna da yawa, kai ne za ka ga inda zuciyarka ta karkata. Akwai kula da filayen golf da na ƙwallo, inda ciyawar bamuda, wato kiri-kirin da muke nomewa a gona a gida, take da daraja, har da ita aka shimfiɗe filin Pinehurst da ya karɓi gasar golf ta US Open a 2024. Akwai gidajen raino, da lambunan birni da na jami'o'i, aikin albashi mai inshorar lafiya. Akwai likitancin bishiya, inda ƙungiyar ISA ta masana kula da bishiyoyi ke neman shekara uku na aiki kafin jarrabawa, ko shekara biyu in kana da digirin kwaleji. Da kuɗi a ciki, amma hawa bishiya da zarton inji ya ci rayuka, kada ka kusance shi sai a ƙarƙashin gwani. In kuma zane ya ja ka, jami'ar A&T tana nan cikin gari da digirin tsara muhalli, sai ka tambaya tun farko waɗanne kwasa-kwasai za su karɓa daga kwaleji.

Aji ba zai koya maka jure zafin Yuli ba, ko ɗaure kaya a tirela, ko lallashin mai gidan da ya fusata, ko jin Sifaniyancin da ma'aikatan sana'ar nan da yawa ke yi. Ba zai sa maka tsoron bututun gas a jiki ba, sai ka saba kiran 811, lambar masu sa alama a inda aka binne bututu da waya, kwana uku na aiki kafin haƙa, ka ga tutoci rawaya da ja sun fito a inda ka yi niyyar sa diga. Don haka ka ɗauki kwas biyu kawai a zangon farko, na ƙasa da na gane tsirrai. Satumba da Oktoba lokacin shukar fesku ne, ina bukatarka da safe, amma Talata da Alhamis zan sallame ka bayan azahar ba tare da na taɓa kuɗinka ba. Ka nemo takardar sakandarenka, in sai an fassara ta a fara yanzu, ranar Litinin mu biya ta Graham ka ga ɗakin rainon nasu ka yi magana da malamin sashen.