Ku ba da haƙuri tun kafin a kwana

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ka ce kun yi wasan barkwanci, wani dattijo ya ce da shi kuke, ya kai ƙara wajen dagaci, kana neman shawara ko ku ba da haƙuri ko ku tsaya a kan gaskiyarku. Ku ba da haƙuri yau ɗin nan.

Mu a wani ƙauye ne cikin ƙasar Ringim. Da kaka, bayan sussukar gero, muka shirya wasa a filin firamare kan Alhaji mai ƙulle hatsi a rumbu har sai damina ta tsaya tiya ta yi tsada. Duk gwajin da muka yi babu wanda aka kwaikwaya. Ranar wasa sai yaron da muka ba Alhajin ya fito yana jan ƙafar hagu, yana kaɗa carbi a yatsa, yana wani ɗan tari kafin ya faɗi farashi. Fili ya ɗauka da sunan wani mutumin garinmu mai yin haka, yara har da tsalle. Shi kuwa yana zaune a benci na biyu, mu muka kai masa goron gayyata! Ya miƙe, ya kakkaɓe babbar riga, ya fice.

Washegari a zauren dagaci yaron nan ya dubi tsabar idona ya rantse wai ni na koya masa tarin. Ni da nake goya shi a babur zuwa gwaji, nake saya masa shayi. Mahaifina ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Har yau in na hango yaron a kasuwa sai na sake layi.

In za ka ba dattijon haƙuri, kada ka je kai kaɗai, ɗauki kawunka ko liman. Kuma kada bakinka ya furta "ai wasa ne". Wasu za su ce a tashe ma ana tsokanar gwauro. Wannan daban, daga goma ga azumi kowa ya san lokacinsa ne, gwauron ma ya sani.

Sannan ku riƙa tashi kafin magariba, kada namiji ya ɗaura zane, kuɗin man janareto kuma kada ya kwana a aljihun mutum ɗaya, wannan ma ya taɓa haɗa mu faɗa. Mu girman kai ya sa muka yi kwana uku ba mu je mun ba mutumin haƙuri ba. Lasifikarmu a zauren dagaci ta ci damina biyu.