Ku Tambaya Mu Amsa: Wai murjani dutse ne ko itace?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai wata sarƙar murjani na gada a wajen kakata, Allah ya jiƙanta, tun ta lefenta ce. Shi ne rannan gardama ta kaure tsakanina da maigidana, shi ya ce dutse ne ake haƙowa kamar sauran duwatsun ado ni kuma na ce itacen ruwa ne don haka na taso na ji manya na faɗa, to wai waye mai gaskiya a cikinmu? Kuma na ga irinta a kasuwa ana bayarwa da araha har gabana ya faɗi ko tawa ma jabu ce.
Daga wata mai karatu a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, amin, Allah ya kai haske kabarinta. To ke da maigida duk kun faɗi, sai a raba kunyar biyu. Murjani dabba ce! Eh, dabba. Wasu ƙananan halittu ne farare masu hannuwa takwas-takwas suke zama tare a manne jikin duwatsun ƙarƙashin teku, suna cafke ɗan abincin da ruwa ya kawo musu, a hankali suna gina ƙashi guda ja mai rassa kamar ƙaramar bishiya, to wannan ƙashin shi ake yankawa a goge a huda ya zama abin da ke wuyanki. Amma kar ki ji komai, masanan Turai ma sun daɗe suna ɗaukar shi tsiro, da suka ga fararen nan sun buɗe sai suka ce ai furanni ne, sai wajen 1720 da 'yan kai wani likita Bafaranshe, Peyssonnel, ya ce dabbobi ne, aka ma ƙi yarda da shi da farko.

Jan murjanin asali, wanda masana ke kira Corallium rubrum, gidansa Bahar Rum ne, gaɓar Italiya da Faransa da Sifen da Tunisiya da Aljeriya da Maroko, da ɗan yankin tekun Atlantika da ke kusa. Sunan ma daga Larabci muka aro shi, marjan, kin san ayar Suratur Rahman da ta ambaci lu'ulu'u da murjani suna fita daga teku. Mu da ba mu da teku fatake ne masu ratsa Sahara suka riƙa kawo mana shi daga arewacin Afirka.

Abin da ya sa yake tsada, kuma nan ne nake so ki tsaya ki ji, girmansa ne ba ya sauri ko kaɗan. Kaurin reshe a shekara guda bai cika kai rabin milimita ba, wato kafin gindinsa ya kai kaurin fensir an doshi shekara talatin, ki duba manyan ƙwayoyin sarƙar kakarki ki yi lissafi da kanki. Shi kuwa ɗan Adam ba haƙuri gare shi ba. Ɗaruruwan shekaru masunta suna amfani da wasu katakai da aka gicciye da nauyi da tsofaffin raga a jiki, su ja su a ƙasan teku daga cikin jirgi, su kakkarye babba da yaro, abin da ya maƙale a raga a ɗauka, sauran ya bi ruwa a banza. Tarayyar Turai ta haramta wannan a 1994. Daga baya hukumar kamun kifi ta Bahar Rum ta hana ciro shi a inda zurfi bai kai mita 50 ba a 2011, a 2012 kuma ta ce duk wanda gindinsa bai kai milimita 7 ba a ƙyale shi. Yanzu sai masu nutso da tukunyar iska ne ke sauka su saro da hannu, aiki ne mai haɗari sosai. Sau biyu, 2007 da 2010, aka nemi a sa dangin murjani cikin jerin CITES na halittun da ake sa wa cinikinsu ido a duniya, duka biyun ba a samu amincewa ba, ni dai a ganina an yi sake a nan. Ga kuma ɗumamar ruwan teku, a 1999 da 2003 zafi ya kashe da yawa a gaɓar Faransa da Italiya. Wanda aka samo galibi garin Torre del Greco kusa da birnin Naples na Italiya ake kai shi, can ne cibiyar masu sassaƙa shi tun farkon ƙarni na 19.

Batun na kasuwa mai araha kuwa, ai araha ba ta ado. Yawanci roba ce ko gilashi, ko wani farin murjanin daban da aka rina ja. Ki samu auduga ki ɗiga mata maganin goge farce ki shafa a wajen hudar ƙwaya ɗaya, in jan ya fito a audugar to rini ne. Ki kuma duba a rana, gilashi yakan nuna 'yan kumfa a ciki, roba ba ta da nauyi kuma ƙwayoyin duk iri ɗaya sak kamar an buga a inji, na gaske kuwa za ki ga 'yan siraran layuka a tsaye kuma ba a rasa ɗan tabo nan da can. Wasu za su ce ki ɗiga lemon tsami ki ga ko zai yi kumfa, don Allah kar ki yi wa kayan gado haka, cin shi yake yi.

TAMBAYA: Malam tawa ta dushe ta yi fari-fari, me ya jawo?
Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Turare ne da gumi, 'yar uwa, murjani ba shi da tauri sosai kuma ba ya shiri da su. Ki gama fesa turarenki da shafa humra tukuna sannan ki sa, in kin cire ki goge da tsumma mai laushi mai ɗan damshi, ban da omo ban da bilic, kuma ki naɗe ta daban kar gwal da sauran sarƙoƙi su karce ta. Wadda ta riga ta dushe ki kai wa mai aikin duwatsun ado ya sake goge miki.